A bar Selina Grotian ta girma da sunanta

Wasan biathlon ba ya cikin wasannin da ake musu a kansu a majalisarmu, don haka bari in fara da fayyace shi. Ɗan wasa zai yi gudu a kan dusar ƙanƙara da dogayen sanduna a ƙafa, bindiga mai nauyin kilo uku da rabi a goye. Yana tsaka da haki sai ya tsaya ya harbi faifai biyar daga nisan mita 50, wani zubin a kwance, wani a tsaye. Na kwance faɗinsa milimita 45 ne kacal. Duk wanda ya kuskure, a yawancin tsere, sai ya yi zagayen tara na mita 150 yana kallo abokan hamayya suna wucewa. Jamusawa na mutuwar son wannan wasa, kuma son nasu wani lokaci yakan zame wa yaransu kaya.

Selina Grotian 'yar garin Mittenwald ce a jihar Bavariya, an haife ta a 2004. A gasar duniya ta matasa da aka yi a Kazakistan a 2023 ta kwashi zinare huɗu. Kafin ta sauke jaka, 'yan jarida sun fara auna ta da Laura Dahlmeier. Ban ga laifinsu gaba ɗaya ba. Gundumarsu ɗaya, ta Garmisch-Partenkirchen, wadda kuma ita ce ta fitar da Magdalena Neuner. Amma a ganina wannan awo zalunci ne da aka lulluɓe da yabo.

Neuner ta ci zinare uku a gasar duniya ta manya a 2007 tana da shekara 20. Dahlmeier ta ci biyar a Hochfilzen a 2017, ta ƙara biyu a Olamfik na 2018. Irin waɗannan ba a haifar su kowace shekara. Abin da masu awon ba sa son tunawa shi ne dukansu biyun sun ajiye bindiga suna da shekara 25, ɗaya a 2012, ɗaya a 2019, lokacin da ya kamata a ce ganiyarsu ke farawa. Dahlmeier ta koma hawan duwatsu, inda zuciyarta take, can kuma ajali ya same ta a Pakistan a Yulin 2025.

Tsakanin gasar matasa da ta manya akwai rami mai zurfi. A ta matasa, yarinya mai ƙarfin ƙafa za ta iya ɓarar da harsashi biyu, gudu ya rufa mata asiri. A ta manya kowa na da ƙafa. Kuskure biyu na iya jefa ta can baya, ga dubban 'yan kallo a Oberhof ko Ruhpolding na Jamus suna ihu bayan kowane harbi. Natsuwar da ake buƙata a wannan wuri ba a koyon ta da gaggawa, shekaru ne ke kawo ta.

Grotian dai ta tsallaka, amma a hankali. A gasar duniya ta 2024 a Nove Mesto ta harba ashirin ba ta kuskure ko ɗaya ba, ta zo ta huɗu, sannan ta samu tagulla tare da 'yan ƙungiyarta a tseren karɓa-karɓa. Nasararta ta farko a Kofin Duniya sai a Disamban 2024, a Le Grand-Bornand na Faransa. Tsakanin waɗannan ranaku akwai makonnin da sunanta ba ya cikin goman farko, kuma haka ya kamata ya kasance ga mai shekara 20.

Wadda ta zo ta biyu a bayanta ran nan ita ce hujjata mafi ƙarfi. Franziska Preuss ma tauraruwa ce tun tana yarinya, da zinare uku a Olamfik na matasa a 2012. Daga nan rashin lafiya ya yi ta kayar da ita, har gasar duniya ta 2023 da aka yi a gida ta wuce ta. Ba a yar da ita ba. Kamar Neuner da Dahlmeier, ma'aikaciyar kwastan ce. A Jamus kwastan da soja da 'yan sanda kan ɗauki irin waɗannan 'yan wasa, albashi na shiga ko an ci ko an faɗi. A Maris 2025, tana da shekara 31, ta lashe Kofin Duniya baki ɗaya a tseren ƙarshe a Oslo.

Mu da muka ɗauki kofin duniya na ƙwallon ƙafa na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar, amma manyanmu ba su taɓa wuce zagaye na biyu ba, mun san yadda yaro mai haske ke ɓacewa a wannan rami. Jamus na da albashin, ga kuma gasar IBU Cup inda ake mayar da ɗan wasa ya sake shiri ba tare da an ce ya ƙare ba. Haƙurin 'yan kallo da na 'yan jarida ne ba ni da tabbas a kansa. In Grotian ta yi hunturu biyu a jere ba ta hau dandamali ba, a nan za a san ko sun shirya jiran ta kamar yadda aka jira Preuss.