Haƙƙin Da Ake Bari A Bakin Hanya

Duk wanda ya san Kuta, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Shiroro a Jihar Neja, ya san doya ce arzikin ƙasar. Da zarar an fara haƙa, manyan motoci kan yi lodi a Kuta da kasuwar Gwada, su biyo ta Minna, su bi Bida da Mokwa, su haye Kwara a gadar Jebba, su ratsa Ilori da Ogbomosho, har su sauke a Bodija ta Badun ko Mil 12 ta Ikko. Wannan hanya ita ce kuma samarin ƙasar ke bi zuwa cin rani, ita ce fatake ke bi su komo gida da Salla. Ba a rasa haɗari a kanta, kuma kusan duk gidan da ke da ɗa a Kurmi yana da labarin da zai bayar.

A cikin kowace mota da ke bin hanyar nan akwai wata takarda da direba ke ninkewa ya ajiye tare da lasin, watau takardar inshora. In an tambayi yawancin masu motoci amfaninta, sai su ce ta nuna wa ɗan sanda ce a shinge. Wannan kuskure ne babba, kuma talakawa ne ke biyan kuɗinsa. Takardar nan alkawari ce da kamfani ya ɗauka a gaban doka, cewa idan motar ta kashe wani, ko ta ji masa rauni, ko ta ɓata masa dukiya, shi kamfanin ne zai biya diyya a madadin mai motar.

Dokar ba sabuwa ba ce. Tun 1945 Gwamnatin Turawa ta kafa ta, aka fara aiki da ita a 1950. A 1997 aka kafa Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, watau NAICOM, don ta sa ido a kan kamfanoni. Daga 1 ga Janairu 2023 hukumar ta ɗaga kuɗin inshorar ƙaramar mota ta gida daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiya daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Ta yanka wa babbar motar kaya Naira 100,000 da iyakar miliyan 5, babur kuwa Naira 3,000 da iyakar miliyan 1. Waɗannan iyakoki na dukiya ne kawai. Diyyar rai da ta rauni lissafinsu dabam ne. A 1 ga Fabrairu 2025 'yan sanda suka fara kama marasa takardar a ko'ina cikin ƙasa, sa'an nan a watan Agusta na shekarar Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar inshora, wadda ta haɗe tsofaffin dokokin wuri guda.

Ke nan ta wajen karɓar kuɗi an yi nisa. Abin tambaya shi ne ko an yi nisa haka ta wajen biya.

A ɗauka, alal misali, wani mutumin Kuta yana turin baro a Mil 12, wata babbar mota ta yi baya ta take shi. Abin da kan biyo baya sananne ne ga duk mazaunin Kurmi. 'Yan'uwa su ruga su karɓo gawa, a yi mata sutura kafin faɗuwar rana. Kashegari mai mota ya zo da dattawa, ya durƙusa, ya ajiye ɗan abin da ya sawwaƙa na ta'aziyya. Wani babba daga cikin dangi ya ce kwana ne ya ƙare, an yafe duniya da lahira. A shafa fatiha, a watse. Can Kuta kuwa ga mace cikin takaba, ga yara ƙanana, ga gonar doya ba mai yi mata kunya. Ba wanda ya rubuta lambar motar, ba wanda ya tambayi sunan kamfanin da ya yi mata inshora.

Yafiya hali ne na kirki, babu mai musun wannan. Amma ya kamata a duba wanda aka yafe wa. Direban nan, wanda watakila shi ma talaka ne ɗan'uwan mamacin, ba daga aljihunsa diyyar za ta fito ba. Mai motar ya riga ya biya kamfani tun farkon shekara domin irin wannan rana. Saboda haka duk ran da dangi suka ce sun haƙura ba su nemi kome ba, ba direba suka yi wa alheri ba, kamfani suka yi wa kyauta, alhali kuwa bai roƙa ba, bai kuma zo gaisuwa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. Ana iya yafe wa direba har zuci, a roƙar masa sassauci wurin hukuma, kuma duk da haka a nemi haƙƙi wurin kamfani. Ɗaya ba ya hana ɗaya. Bugu da ƙari, rabon maraya ba abin da kawu ko baffa zai yi kyauta da shi ba ne don a ce masa mai haƙuri.

Akwai masu ƙyamar inshora saboda shakkar halaccinta, kuma ba a raina damuwarsu ba. To, amma tun 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, watau tsarin taimakekeniya da aka gina bisa shari'ar Musulunci, a 2016 kuma aka ba kamfanonin Jaiz Takaful da Noor Takaful lasin. Mai motar da zuciyarsa ba ta natsu da wancan tsari ba yana da inda zai nufa, ya cika doka ba tare da ƙunci ba.

Sai dai fa neman diyya aikin takarda ne, kuma yawanci a kwanakin farko ake cinsa ko a faɗi. Farko, ceton rai shi ne gaba da kome. Bayan wannan, lalle wani mai natsuwa daga cikin jama'a ya rubuta lambar mota, da sunan direba, da sunan kamfanin inshora da lambar takardar, ya ɗauki hotunan wurin da wayarsa kafin a janye motocin, ya kuma karɓi sunayen shaidu biyu ko uku. Na biyu, a kai rahoto caji ofis mafi kusa, a sanar da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, domin rahoton 'yan sanda shi ne abin da kamfani kan fara tambaya, musamman inda aka yi rauni ko rasuwa. Na uku, a adana kowane rasit na asibiti da na magani, a karɓi rahoton likita. In rasuwa aka yi, gaggauta jana'iza ba ya hana a tsaya a karɓi takardar shaidar mutuwa. Daga baya kuma a nemo takardar kotu mai nuna magada. Na huɗu, a rubuta wa kamfanin takarda da wuri, a riƙe kwafi mai hatiminsa da kwanan wata, gama doka ta yanka wa'adin shigar da ƙara, kuma jinkiri kan mai da magana ihu bayan hari.

Shi ma mai mota akwai nasa. Wajibi ne ya sanar da kamfaninsa nan da nan, ko da yana ganin laifin ba nasa ba ne. Kada ya ƙulla sulhu a bakin hanya, ko ya sa hannu a takardar amsa laifi, ba da sanin kamfani ba, domin sharuɗɗan inshora sun hana haka, kuma kamfani na iya kafa hujja da shi ya zame. Kada a taɓa gyara sai wakilin kamfani ya duba ɓarnar, an kai masa ƙiyasin bakanike. Ya kuma sani cewa wannan ƙaramar inshora ta dole ba ta biyan motarsa shi kansa, ba ta kuma biyan doyar da ke cikinta. Mota tana da cikakkiyar inshora tata, kayan da ke kan hanya suna da tasu, kowace da kuɗinta. Sa'an nan duk wanda aka miƙa wa takardar yarda da adadin diyya, kada ya dangwala yatsa sai wani amintacce ya karanta masa, domin sa hannu a kanta rufe magana ne.

Abubuwa biyu ne suka fi kashe haƙƙin mutanen Arewa tun kafin a kai ga ofishin kamfani. Na farko takardar jabu, irin wadda 'yan kamasho ke sayarwa da araha a gindin bishiya kusa da ofishin lasin. Tana iya wuce shinge, amma ranar haɗari ba kamfanin da ke bayanta, sai nauyin duka ya faɗo kan mai mota. Araha ba ta ado. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Nijeriya tana da rumbun da ake duba sahihancin takarda, ta hanyar latsa *565*11# a waya da shigar da lambar mota. Na biyu shi ne hawa kan motar kaya. A watan Satumba 2024 wata tankar mai ta yi karo da tirela mai ɗauke da shanu da mutane a hanyar Lapai zuwa Agaie, cikin Jihar Neja, aƙalla mutum 48 suka rasa rayukansu. Wanda ya hau kan buhuna don rage kuɗin mota ya sa ransa a haɗari, ya kuma raunana hujjar magadansa, domin motar kaya don kaya aka yi mata inshora, kuma kamfani ba zai manta da faɗin haka ba.

Duk da haka, ba adalci ba ne a jibga wa talaka laifin duka. Manyan ofisoshin kamfanonin nan yawancinsu a Ikko suke, takardunsu da Turanci, sharuɗɗansu da ƙananan baƙaƙe. Macen da aka yi wa rasuwa a Kuta, wadda ko Minna sai ta yi tanadin kuɗin mota, ina ita ina bin sawun fayil wata da watanni? Dokar 2003 ta ba kamfani kwana 90 ya biya bayan an daidaita adadi, ta kuma tanadi asusu domin waɗanda mota marar inshora ko direban da ya gudu ya cutar. Sabuwar dokar 2025 ta sake jaddada biya a kan kari da kuma wannan tanadi. Amma doka a kan takarda ba ta ciyar da maraya. Gwamnatin da ta iya baza 'yan sanda su tilasta saye, lalle ta iya tilasta biya. Ya kamata NAICOM ta sa a buga sharuɗɗa da hanyar neman diyya cikin Hausa da Gwari da Nufanci, a yi ta bayani a rediyo, ta kuma riƙa bayyana sunayen kamfanonin da ke jan ƙafa. Wanda kamfani ya yi wa taurin kai yana da ikon kai ƙara sashen koke-koke na hukumar, marar ƙarfi kuma yana iya neman lauya kyauta a Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, kuma neman diyyar haɗari na cikin aikinta.

Sauran aiki yana wuyan shugabannin al'umma. Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Shagamu, da shugabannin 'yan doya, da ƙungiyoyin direbobi, sun saba tara kuɗin likkafani da na mota a mai da marayu gida, kuma sun cancanci yabo. Abin da ya rage shi ne kowace unguwa da kowace tasha ta ware mutum biyu masu karatu, waɗanda aikinsu da an ji labarin haɗari shi ne su isa wurin da alƙalami da waya, yayin da sauran jama'a ke hidimar asibiti ko jana'iza. Karo-karon ta'aziyya kan ƙare kafin sadakar arba'in, diyya kuwa tana iya riƙe yaro har ya gama makaranta. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira.