Mu Gaishe Su Tun Suna da Rai

Masu karatu, a watan Yuni 2025 Mike Ejeagha, mawaƙin ƙasar Ibo, ya rasu a Enugu yana da shekara 95. Da jita yake rera tatsuniyoyin mutanensa. A 1983 ya yi waƙar kunkurun da ya yaudari giwa, amma sai a 2024, da wani mai barkwanci ya taka rawa da ita a intanet, matasa suka san tsohon. Bayan shekara 41 ke nan!

To, mu fa? A ƙauyukanmu akwai tsofaffi masu garaya da molo, waƙoƙinsu a ka kawai suke. Iyaye, ku kai yara su gaishe su, ku ɗauki muryarsu a waya. In sun tafi, da waƙoƙin za su tafi.