Hirar Bakin Gulbi Makaranta Ce

A ƙasar Gwandu, tun daga Birnin Kebbi har Kalgo da Bunza, duk garin da ke kusa da gulbi yana da wurin da masu kwale-kwale da masunta su kan taru bayan la'asar, in an ɗaure jirage an shanya koma. Ba mai kiran taron, ba mai rubuta abin da aka faɗa. Wannan ya kawo labarin ɗansa da ya tafi cin rani, wancan ya faɗi ranar sunan jikarsa, wani ya yi kurin yadda ya tsere wa abokinsa a ruwa, a yi dariya a watse. Har waɗanda su ba sana'arsu ba ce, tela ko ɗan tireda, su kan zo don sha'awar ruwa kurum. Waɗansu ma'aikata in sun wuce su kan ce zaman banza ne. Mu kuwa a ganinmu makaranta ce, kuma in malamai da akawuna ba su kula da ita ba, ilmin da ke cikinta zai bi tsofaffi kabari.

Mai shakka ya zauna ya kasa kunne yamma ɗaya. A nan yaro ke jin inda gulbi ya yi zurfi da inda yashi ya taru bana, da yadda a ke gane iskar hadari tun ba ta iso ba. A nan a ke nuna masa lokacin da a ke tuƙi da filafili da lokacin da a ke tokare ƙasa da gwangwala, da yadda a ke zaunar da kaya don kada jirgi ya karkata. Ya san giwan ruwa da yauni da ƙarfasa da kurungu, ya san mijiriya ba a kama ta da garaje. Ba wanda ya ce masa darasi a ke yi. An saka abin ne tsakanin zancen aure da na farashin shinkafa, shi ya sa ya ke zama daram a ka.

Zancen iyalin nan ma yana da aikinsa. Ta wurinsa a ke sanin gidan da ba lafiya, da wanda ruwa ya cinye wa gona, da gwauruwar da za a yi wa gayya. Mutumin da ka san sunan 'ya'yansa ba ka barinsa shi kaɗai in jirginsa ya kife. Watau zumuncin da a ke ƙullawa a tudu shi ke ceton rai a ruwa.

Ilmin nan ya daɗe. Kabawa mutanen ruwa ne tun zamanin Kanta, wanda ya zauna a Surame a ƙarni na 16. Cikin 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya masa su don girmamawa, abin ya zama alamar ƙarewar tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Daga nan bikin ya yi ta girma, da homa da gora a Matan Fada, da wasannin kabanci, watau tseren kwale-kwale da nutso da kamun agwagwar ruwa, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Amma a lura, an yi wajen shekara goma ba a yi bikin ba, sai a 2020 aka komo. Da aka komo ba a rasa gwanayen tuƙi da nutso ba. Ina suka koya? A garuruwansu, wajen iyayensu, cikin irin hirar nan. Biki kwana kaɗan ne, hira kuwa kullum ce.

To, akwai masu cewa hirar cike ta ke da gulma da camfi, da labarin iskokin ruwa, saboda haka ba ta dace da ɗan makaranta ba. Ba mu musa ba, akwai tsakuwa cikin shinkafar. Amma wa ya taɓa zubar da shinkafa don tsakuwa? Tsincewa a ke yi, tsintar kuwa aikin malami ne. Sau da yawa wurin da tsofaffi suka ce kada a shiga, in an bincika sai a iske rami ne mai juya ruwa, ko mazaunin kada. Dalilin da suka bayar yana iya zama ba daidai ba, gargaɗin kuwa daidai ne.

Wata magana ta fi wannan nauyi. Gulbin yau ba shi ne na kakanninmu ba. An gama madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, ta Goronyo a kan Rima a 1984, tun daga nan zuwan ruwa da janyewarsa a fadama ba su bin damina kaɗai. Ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi. Jirage kuma sun sami inji, sun ƙara girma da gudu. Ran 26 ga Mayu 2021 wani jirgi da aka cika wa lodi ya tsage a Kogin Kwara kusa da Wara, a Ƙaramar Hukumar Ngaski, aka tsamo gawa fiye da 90. Tsoho ya san gulbi, amma sanarwar sakin ruwan madatsa a ofis ta ke sauka, teburin akawu. Akawu yana da takarda, amma bai san mashigin da za a fara rufewa ba. Kowannensu rabin sani gare shi. In ba su zauna tabarma ɗaya ba, talaka ne zai biya.

Mutanen Gwandu ba su bukatar a koya musu darajar rubuta abin da aka ji daga manya. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke garin, ya wallafa littafi musamman, Ida'un Nusukhi, don ambaton malaman da ya ɗauki ilmi wurinsu. Garin Gwandu gidan alƙalami ne, Kalgo kuwa tana maƙwabtaka da fadamar gulbi, dukansu masarauta ɗaya. Abin da mu ke nema shi ne alƙalamin ya sauka bakin ruwa. A Ingila ma, ɗaliban jami'o'in Oksfod da Kambrij sun fara tseren jirgi tsakaninsu tun 1829, ba wanda ya ce musu filafili ya rage darajar karatu.

Ga shawararmu. Na farko, kowane hedimasta da makarantarsa ke kusa da gulbi ya nemi iznin Sarkin Ruwa, ya gayyato dattijo ɗaya kowane zango ya yi wa yara hira. Kada a tsayar da shi gaban allo ya ji kunya, a shimfiɗa masa tabarma a inuwa. Yara su rubuta sunayen kifaye da na mashigai da alamun iska, a adana littafin a makaranta da sunan wanda ya faɗa. Kada a manta da mata masu bandar kifi, su ma da nasu sanin.

Na biyu, akawun ƙaramar hukuma in sanarwar ambaliya ta zo, kada ya liƙa ta a bangon ofis ya ce ya gama. Ya kai ta da ƙafarsa wurin hira, ya karanta da Hausa, ya ji abin da za a ce. Maganar rigar ceto da yawan mutanen da jirgi zai ɗauka, in ta fito daga bakin abokin zama, ta fi shiga da in ta zo da hatimi.

Na uku, a koya wa yara iyo, maza da mata kowa da nasa wuri da mai lura, a riƙa shirya tseren kwale-kwale tsakanin makarantu lokacin da ruwa ya kwanta. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai.

Duk wannan ba ya cin kuɗi mai yawa. Abin da ya ke ci shi ne girman kai, a cire takalmi a zauna ƙasa a gaida dattijo. Kowace shekara a na rasa waɗansu daga cikin masu sanin gulbin nan, kuma wanda ya tafi ba a sake tambayarsa. Malamai da akawuna, a fara tun bana, kafin ruwa ya kawo. Allah ya kiyaye matafiya, na tudu da na ruwa, amin.