Daɓen Ɗakin Girki Na Masu Sayar Da Abinci

Yau maganarmu a kan ƙasa take, watau daɓen ɗakin girki. Ina nufin musamman ku masu tuwon sayarwa, da masu dafa wa 'yan makarantar kwana, inda tukunya ba ta sauka tun asuba har isha.

Mace takan wanke kwanoninta su yi fes, ta rufe abinci, amma daɓen da take tsaye a kai duk ya tsattsage. A cikin tsagar nan ruwan wanke-wanke da romo da ɓarɓashin tuwo suke kwana. Nan kyankyaso yake samun abincinsa, nan ƙwayoyin cuta masu kawo gudawa suke yaɗo. Tsintsiya ba ta kai can. Mai saye ɗaya ya kwanta ciwo, unguwa duka ta ji, ciniki ya mutu.

Iyayenmu sun san wannan tun ba a kawo siminti ba. Sukan zuba tsakuwa, su yayyafa ruwa, mata su taru da madaɓi suna bugu suna waƙa, sa'an nan a shafe da ruwan makuba, wanda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Makuba ita ke toshe ƙofofin daɓe ta hana shi shan ruwa, kuma in ta koɗe sai a sake shafawa. To, siminti ma haka yake bukata, sai dai mutane sun ɗauka dutse ne. Ba dutse ba ne. Yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, yana shan mai kamar yadda tsumma yake sha. Abu mai tsami kuwa, irin ruwan tsamiya da lemon tsami da nono, cin siminti yake yi a hankali har ya fara gari.

Ga yadda za ki gwada naki. Ki ɗiga ruwa cokali guda a inda kika fi tsayawa. In ya tsaya a dunƙule, shafen yana nan. In ya nutse wurin ya yi duhu, lokacin sabon shafe ya yi.

Kada ki yarda a shafa kome a kan maiƙo, ɓarnar kuɗi ce, zai ɓare. A fara wanke wurin da ruwan zafi da sabulu da buroshi, a maimaita har mai ya fita, a cike tsagogi, a bar shi ya bushe sarai. In sabon siminti aka zuba, a riƙa jiƙa shi kwana 7, kuma kada a shafa masa fenti sai ya cika kwana 28. Na san kwanakin da yawa ga mai neman na cefane, amma gara ki koma rumfa ki yi girki da a yi aikin sau biyu. Fentin daɓe da ake kira ifoksi, wanda ake haɗa ruwa biyu a gauraya, yana hana mai shiga ƙwarai, sai dai yana da santsi. Ki ce wa mai aikin ya watsa yashi mai laushi a kai tun bai bushe ba, don kada yarinya ta zame da tukunyar miya a hannu. Ruwa mai tafasa ma yana sa shi ya ɗago, saboda haka kada a juye ruwan taliya a kansa.

Ki tsaya a kan magini kuma ya karkata daɓen zuwa bakin magudana, rubu'in inci a kowace ƙafa. In ba haka ba ruwa zai kwanta a tsakiya.

Masu tayil, ku dubi layin da ke tsakaninsu, don shi ne yake fara zaizayewa. A kankare tsohon a cika sabo. Mai kuwa in ya zube, a zuba toka ko garin katako nan take a kwashe, kana a wanke. Wajen wankin, kada ku kuskura ku haɗa bilic da maganin wanke masai mai tsami; hayaƙin da yake tashi guba ne, yana kama ƙirji.