Idan Zuciya Ta Karaya, Ɗauki Littafi

Yara, akwai wata cuta wadda ba a zuwa likita dominta. Mawaƙi ya san ta, mai wasan kwaikwayo ya san ta, mai ɗinkin hula da mai zanen ƙwarya su ma sun san ta. Sunanta kokwanton kai. Wata rana mutum ya dubi aikin hannunsa, sai zuciyarsa ta ce masa: "Ba ka iya ba. Waɗanda suka yaba maka a da, kunyarka suka ji." Daga nan sai hannu ya yi nauyi, aiki ya tsaya.

A ganina, mai wannan cuta ba shi da abokin da ya fi littafi. Ba jin labari na yi ba, ni kaina ta kama ni.

Ina koyarwa a nan Tsarnawa, ina kuma rubuta wasan kwaikwayo. Wata shekara na rubuta wasa a kan manomin albasa wanda ya ci bashin ɗan kasuwa tun kafin dashe, da girbi ya zo aka kwashe buhunansa a kan araha. Wata uku muna gwaji da samari bayan sallar isha'i. Muka tafi gasa a wani gari. Ba mu kai rabin wasan ba, mutane suka soma tashi. Da aka ƙare, ɗaya daga cikin alƙalan gasar ya ce mini: "Mushe, wannan ba wasa ba ne. Darasi ka zo ka yi mana."

Na komo gida na jefa kayen wasan cikin akwati. Wata huɗu ban ɗauki bik don rubuta ko layi ɗaya ba. Idan na ji wasan Yazi Dogo da ƙungiyarsa, sai in ce: ina ni ina wannan aiki? Abokaina suka kasu biyu. Wasu suka ce alƙalan ne ba su yi adalci ba. Wasu suka ce in huta, ai rubutu ba ya cika rumbu. Duka ba su warkar da ni ba, don a raina na san alƙalin nan gaskiya ya faɗa.

Kawuna, malamin zaure ne, shi ya lura na rame. Ya kira ni ya ce: "Ɗana, zauna in karanta maka wani abu." Ya ɗauko wani ƙaramin littafi na Imamu Gazali mai suna Munƙizu minal Dalali, yana karantawa yana fassara mini. A ciki Gazali ya ba da labarin kansa. Yana koyarwa a babbar makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai wajen 300 suna gabansa. A shekarar 1095 sai shakka ta kama shi a kan kansa da niyyar aikinsa. Wajen wata shida yana fama, har harshensa ya ɗaure, ya kasa ba da darasi. Likitoci suka ce ciwon a zuciya yake. Ya bar Bagadaza, bai koma koyarwa a makaranta ba sai 1106. A cikin waɗannan shekaru ya rubuta Ihya'u Ulumiddin, wanda malamanmu suke karantawa har yau.

Na ce: "Kawu, ashe har irinsu?" Ya ce: "Har irinsu, ɗana."

Wannan shi ne amfani na farko. Mai kokwanto yana zaton shi kaɗai ne a duniya. Maƙwabcinka ba zai gaya maka ranar da ya kasa ba, don yana jin kunya. Amma littafi yana faɗa, ba ya ɓoyewa.

Amfani na biyu, littafi yana gyara maka aiki ba tare da ya kunyata ka ba. Na koma ga Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, wadda na karanta tun ina yaro don dariya kawai. Wannan karon na karanta ta kamar yadda almajirin maƙeri yake kallon hannun maigidansa. Na ga yadda aku yake tsare ɗan sarki Musa a gida da labari, ba da faɗa ba. Ba ya tsayawa ya ce mutum ya bar kwaɗayi. Sai ya nuna maka mai kwaɗayi ya faɗa rami, kai da kanka ka gane. Nan na ga laifina. Manomina yakan tsaya tsakiyar fili ya yi ta wa'azi a kan illar bashi. Alƙali ya gaya mini haka gaban jama'a na ji zafi. Littafi ya nuna mini abin nan dai cikin dare, ga ni ga fitila, ba wanda ya yi mini dariya.

Na kuma koyi wani abu game da Imam. Ya soma da Ruwan Bagaja a gasar rubutu ta 1933. A 1936 ya je Zariya ya zauna wata shida yana aiki tare da Dokta Rupert East, yana karanta labarun Larabawa da na Indiya da na Turawa. Daga cikinsu ya zaɓi da yawa ya sa musu rigar Hausa, har mai karatu ya ɗauka a garinsu aka yi abin. Ku da kuke ƙasar albasa kun san wannan. Manomin Galmi yana cire iri daga wurin reno ya dasa a fangalinsa, ya ba shi ruwa da taki har ya yi kai. Ashe gwani ma daga karatu yake samo iri. Wanda ya ji kansa ya bushe, ba fasaha ce ta ƙare masa ba, iri ne ya yanke.

Amfani na uku, littafi yana nuna maka darajar abin da ke ƙofar gidanka. Na sha cewa a raina: wa zai damu da labarin ƙauye? Sai na karanta Sarraounia na Abdoulaye Mamani, ɗan ƙasarmu. Mutumin nan ya yi shekaru yana gudun hijira a Aljeriya, da ya komo kuma aka tsare shi a kurkuku zamanin Seyni Kountché. Duk da haka littafinsa ya fito a 1980. Labarin Sarauniyar Lugu ne, wadda ta tsaya gaban sojojin Voulet da Chanoine a 1899, rundunar nan da ta ƙone Birnin Ƙonni a shekarar nan. Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyauta a Wagadugu a 1987. Labarin da tsofaffi suke bayarwa a gindin itace, ga shi ya zaga duniya.

To, akwai masu ja da wannan ra'ayi nawa, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Wasu suna cewa karanta aikin gwanaye yana ƙara karya zuciya, don za ka ga tazarar da ke tsakaninku. Haka ne, idan don awo ka karanta. Amma kada ka auna gwajinka na farko da aikin da wani ya gyara sau da yawa kafin a buga. Ka karanta don ka ga yadda aka yi.

Wasu kuma suna cewa akwai mai ɓuya cikin karatu don gudun aiki, ko mai kwashe maganar wani ya ce tasa ce. Wannan ma gaskiya ne. Littafi inuwa ce a kan hanya, ana hutawa a tashi. Wanda ya kwana a inuwa ba ya isa kasuwa. Wanda ya saci rubutun wani kuwa, kokwantonsa ƙaruwa zai yi, don ya san abin ba nasa ba ne.

Wasu suna cewa littafi yana da tsada, kuma babu shi a ƙauye. Amma wanda yake hannunku yanzu fa? Akwai na akwatin lakwal, akwai na malaman zaure, akwai na ƴan uwanku da suka wuce kwaleji. A ara, a adana shi da kyau, a mayar. Littafi ɗaya da ka karanta sau uku ya fi goma da ka leƙa.

Bayan damina na buɗe akwati na sake rubuta wasan. Na cire wa'azin duka. Muka yi shi a nan garin, kusa da mararrabar hanyar Tawa. Ba mu ci kyautar kowa ba. Amma ba wanda ya tashi, kuma da ɗan kasuwa ya zo kwasar buhuna, wata tsohuwa ta miƙe ta ce masa: "Allah ya isa!"

Har yanzu kokwanto yakan ziyarce ni. Ku ma zai zo muku, ranar da kuka yi waƙa ko zane aka yi shiru. A ranar kada ku yaga kayenku. Ku ajiye shi, ku ɗauki littafi, sa'an nan ku koma ga aikinku.

Tambayoyi

1. Me ya sa mutane suka tashi daga wasan farko?
2. Waɗanne amfani uku marubucin ya samu a littafi?
3. Yaya bambancin koyi da gwani da satar aikinsa?
4. Ka taɓa yin wani aiki ka ji ba ka iya ba? Rubuta layi biyar a kan abin da ka yi bayan nan.