BASHIN KARATU DA 'YA'YAN TALAKAWAN TAMBUWAL DA KEBBE

 Ga wata magana wadda ta shiga zaurukan ƙasar Tambuwal da Kebbe, iyaye suna tambayar malamai a kanta, watau bashin da Gwamnatin Tarayya take bai wa ɗaliban manyan makarantu. Waɗansu sun ce taimako ne, waɗansu sun ce tarko ne, waɗansu kuwa suna tsoron kada riba ta shiga cikin karatun 'ya'yansu. Ya kamata a warware zancen daki-daki, don kada mutum ya karɓa bisa jahilci, ko ya ƙi bisa jahilci.

Da farko a dubi halin da yaran suke ciki. Yaron da ya gama sakandare a Dogon Daji, ko Sanyinna, ko Jabo, ko Kuchi, in ya sami gurbi, galibi birnin Sakkwato yake nufa. Can ne Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo take, wadda aka kafa a 1975, da makarantar horon malamai da aka buɗe a 1970, wadda daga baya aka sa mata sunan Shehu Shagari, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, da Jami'ar Jihar Sakkwato. Daga Tambuwal zuwa birni tafiyar wajen kilomita 100 ce, ta Shagari da Boɗinga, na Kebbe kuwa tasu ta fi haka nisa. Ba mai iya kwana gida ya wayi gari a aji. Tilas ya nemi ɗaki, ya nemi abinci, ya biya kuɗin rajista, ya sayi takardun darasi, ya hau babur ko keke mai ƙafa uku zuwa makaranta.

Wannan nauyi duka a kan buhun gero da albasa da ragon gida yake. Ran 29 ga Mayu 2023, sa'ad da Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur, kowane manomi ya san shi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta kai dubu. Kuɗin mota ya tashi, abinci ya bi shi. Ga kuma 'yan bindiga da suka addabi ƙauyukan yankin Kebbe da ke maƙwabtaka da Zamfara, har waɗansu gonaki suka kwana ba noma. Uban da aka kore masa shanu, da me zai biya wa ɗansa rajista?

To, cikin wannan hali ne aka kawo bashin. An sa wa dokarsa hannu a Yuni 2023, amma sharuɗɗanta suka yi tsauri, don sai an kawo mutum biyu masu tsaya wa yaro, kuma sai abin da gidansu ke samu a shekara bai kai naira 500,000 ba. Aka sake ta a Afrilu 2024, aka zubar da waɗannan sharuɗɗa, aka kafa asusun da ake kira NELFUND, aka buɗe ƙofar nema a Mayu 2024, da fari ga makarantun Tarayya, daga baya ga na jihohi. Tsarinsa shi ne, asusun yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, kāna ya ba ɗalibin da ya nema naira 20,000 kowane wata don cin abinci. Ba a fara biya sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa, sa'an nan a riƙa cire kashi goma cikin ɗari na albashi har a gama. Wanda bai sami aiki ba yana iya rantsuwa a ɗaga masa, wanda ya yi rantsuwar ƙarya kuwa hukuncin ɗauri yana kansa.

Game da shari'a, abin da malamai suke dubawa a kowane rance shi ne, ko mai bayarwa ya shardanta ƙari. Littattafan mazhabar Malikiyya da ake karantawa a zaure, tun daga Risala, sun hana rancen da ke jawo wa mai shi amfani. Wannan bashi kuwa, bisa ga yadda dokarsa ta zo, ba ruwa a kansa. Wanda ya karɓi dubu ɗari, dubu ɗari zai mayar. Har ma in an lura, da yake darajar naira tana raguwa, abin da zai mayar bayan shekara shida ko bakwai bai kai ƙarfin abin da ya karɓa ba. Saboda haka ta fuskar riba babu abin tsoro, muddin ba a sauya sharaɗin ba.

Amma fa halaccin rance bai sauke nauyinsa ba. Ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ya kuma tabbata cewa an taɓa kawo wa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, gawar wani mai bashi, bai yi mata salla ba sai da wani sahabi ya ɗauki biyan. Akwai wata magana mai haɗari da ke yawo tsakanin samari, wai kuɗin gwamnati ne, rabon kowa ne, ba mai tambaya. Wannan kuskure ne babba. Dukiyar jama'a ce, abin da na gaba ya mayar shi za a ba na baya. Ɗalibin da ya karɓa da niyyar ƙin biya ya ci haƙƙin ƙanensa da ke aji uku a Sanyinna. Wanda kuma ya karɓi na abinci ya sayi babbar waya, ya ɗora wa kansa kaya ba tare da ya ƙoshi ba.

Su ma hukumomin makarantu amana tana kansu. A 2025 koke-koke sun taso a ƙasa cewa waɗansu makarantu sun karɓi kuɗin asusun ba su sanar da ɗalibai ba, ko sun karɓa bayan yaro ya riga ya biya, suka yi nawar mayar masa, har hukumar ICPC ta shiga bincike. In haka ta faru, an rubuta wa yaro bashin da bai amfana da shi ba, wannan kuwa zalunci ne a fili.

Abu na gaba, bashi yana biyan kuɗin makaranta, amma ba ya sayen lokaci. A 2020 malaman jami'o'i sun yi yajin aiki wata tara, a 2022 suka sake yin na wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Karatun shekara huɗu ya koma biyar ko shida, kuɗin haya yana tafiya, yaro yana zaune gida. Haka nan bashi ba ya gyara tushe. Yaron da ya fito daga makarantar ƙauye wadda ba ta da malamin lissafi ko na Turanci, ya shiga ɗakin lacca mai ɗaruruwan mutane, ba mai sanin sunansa balle ya gane inda ya kasa. In aka kore shi a shekara ta biyu, ya dawo gida ba takarda, ga bashi. Wannan ita ce hasarar da ta fi kowace ciwo. Gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2015, zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, amma aikin firamare da sakandare ba na gwamna ɗaya ba ne, sai an ɗore.

Akwai kuma wahalar nema. Sai da lambar ɗan ƙasa, da lambar banki, da takardar JAMB, a cika ta intanet. Ɗan birni yana gamawa kafin azahar, ɗan ƙauyen Kebbe kuwa sai ya yi tafiya, in harafi ɗaya ya saɓa tsakanin sunayensa a takardu, sai ya yi ta kai da kawowa. 'Ya'ya mata su ne suka fi cutuwa, domin uba ba ya sakin 'yarsa birni sai ya san inda za ta kwana, naira 20,000 kuwa ba ta kama ɗaki mai aminci.

A nan ne ya kamata a tuna da abin da aka gada. Garin Tambuwal ribaɗi ne na Muhammadu Buhari ɗan Shehu, gidan ilimi tun asali. Shehu Usmanu da kansa ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, ƙanensa Abdullahi kuwa ya rubuta littafi sukutum don lissafa malaman da ya ɗauka a wurinsu. A wancan tsari mai neman ilimi baƙon gari ne, zaure yana ba shi makwanci, unguwa tana ba shi tuwo, ba ya komawa gida da bashi. Makarantun zamani sun zo da aji da jarrabawa, amma ba su zo da wannan ɗawainiya ba, jama'a kuwa suka sake ta.

Alhasali, abin da ya dace shi ne kamar haka. Uban da ke da halin biya, ya biya, ya bar bashin ga wanda ba shi da shi. Wanda ba shi da hali ya karɓa ba tare da ƙyama ba, ya rubuta adadin a gaban shaidu na gida, ya tambayi ɗansa sakamakon kowane zango kamar yadda yake tambayar awon gonarsa. Attajiran Tambuwal da Kebbe mazauna birni su haɗa hannu da hakimai da Hukumar Zakka da Wakafi ta jiha, su tsayar da gida ɗaya ko biyu a Sakkwato wakafi ga ɗaliban yankin, na maza dabam, na mata dabam, da dattijo mai lura. Masu bashi da matafiya suna cikin waɗanda Allah ya ambata a rabon zakka, ɗalibin nan kuwa sau da yawa ya haɗa siffofin biyu. Ƙananan hukumomin biyu kuma su ajiye ma'aikaci mai taimakon yara cika takardu kyauta.

Allah ya ba yaran ilimi mai amfani, ya hore musu abin biya, ya kawo zaman lafiya a ƙasa. Haza wasalam.