Ko ruwan Bakolori zai farfaɗo da Talata Mafara?

Garin Talata Mafara da ke jihar Zamfara ya yi suna ne da kasuwarsa ta ranar Talata da kuma shinkafar da ake nomawa da ruwan madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978.

An tsara aikin ne domin noman rani a hekta 23,000 a yankunan Mafara da Bakura da Maradun, sai dai lalacewar famfuna da toshewar magudanai sun durƙusar da shi.

Shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya sanya Bakolori cikin wuraren gyara.

To amma gyaran magudanai ba zai wadatar ba muddin 'yan bindiga na hana manoma zuwa gona, suna kuma tare hanyoyin kasuwa.